Wuƙar aljihu ta gargajiya: ta ina mai sha'awa zai fara?

Tambaya: Malam, kwanan nan sha'awar ƙananan wuƙaƙen aljihu irin na da ta kama ni, masu naɗewar nan da ake yi wa ƙota da ƙashi ko katako. Ina so in fara tara su, ina kuma so in riƙa yawo da ɗaya. Ta ina zan fara? Yaya ake gane mai kyau? Tunda yawancinsu ba su da makulli, ba za su rufe a kan yatsa ba? Sannan an ce mini in na yi aiki da su darajarsu za ta faɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, barka da shigowa wannan fage. Bari in ɗauko tambayarka ta ƙarshe, don a kanta sauran suka rataya. Gaskiya ne, wuƙar da aka wasa aka yi yanka da ita ba ta kai wadda ke cikin kwalinta daraja a wurin masu tarawa. Amma wannan magana 'yan wuƙaƙe kaɗan ta shafa: tsofaffin da suka shekara tamanin ko ɗari ba a taɓa sa su aiki ba, da waɗanda aka ƙera ƙididdigaggu. Sauran kuwa, wato kusan duk abin da hannunka zai kai gare shi a shekarun farko, don aljihu aka yi su, kuma wanda bai sa su aiki ba ba zai taɓa rarrabe mai kyau da marar kyau ba. Don haka ka sayi guda ɗaya tak, ka jefa ta aljihu. Ka yanka igiya da ita, ka farke kwali, ka fiƙe fensir, in ta dakushe ka wasa ta da hannunka, har wata biyu ko uku. Kafin nan za ka san abin da hoto ba zai gaya maka ba: ko tsawonta ya zauna a tafin hannunka, ko nauyinta na ja maka aljihu, ko tsini ka fi buƙata ko miƙaƙƙen kaifi. Wuƙa ta biyu sai ta zo ta cike giɓin da ta farko ta bari. Na sha ganin masu sha'awa sun cika akwati cikin 'yan watanni, daga baya suna neman wanda zai rage musu, don ido ne ya yi sayayyar, hannu bai sa baki ba.

To ga batun makulli. Yawancin wuƙaƙen da kake nufi, wani siririn ƙarfe ne ke riƙe da su, wanda ke kwance a bayan ƙota daga kai har gindi. Shi ne sifirin. An kafe shi da ƙusa, kansa kuma yana danne da gindin ruwan wuƙar, daidai inda ruwan ke juyawa. In ka ja ruwan za ka buɗe, kusurwar gindin nan ce ke ɗaga sifirin. Da ta wuce, sai sifirin ya koma ya kwanta ya riƙe wuƙar a buɗe. Shi ne kuma ke riƙe ta a rufe don kada ta buɗe maka a aljihu. Maƙeran Ingila na wannan aiki tun ƙarni na 17. Kafin nan ma akwai wuƙa mai naɗewa, an tono irinta tun ta zamanin Rumawa, sai dai ita matsin ƙusa da babban yatsan mai ita ne kawai ke riƙe ta.

Ka lura da abu guda. Lokacin da kake yanka, kaifi na shiga cikin abu, ƙarfin da kake sawa yana ƙara tura ruwan ne wajen buɗewa, yana jingina shi da sifirin. A wannan hali wuƙar ba ta da hanyar rufewa. Tana cin yatsa ne in mutum ya yi suka da tsini da ƙarfi, ko yana murza ta zai huda wani abu mai tauri, ko ruwan ya maƙale a katako ya fizgo shi har bayan wuƙar ya tokari wani abu. Duk waɗannan ba aikinta ba ne. Wasu maƙera suna yi wa gindin ruwan kusurwa huɗu, ta yadda zai tsaya cak a rabin hanya kafin ka ƙarasa rufewa, kuma ni ina son wannan, musamman ga sabon hannu. Wajen rufewa kuma, yatsunka su kasance a gefen ƙota, kada ko ɗaya ya gitta bakin ramin da ruwan zai shiga, sannan ka turo bayan ruwan da tafin ɗaya hannun. In duk da haka hankalinka bai kwanta ba, akwai na gargajiya masu makulli. Opinel ta Faransa tana da zobe a wuya da ake murzawa, wanda aka ƙara mata a 1955. Buck 110 ta Amurka, wadda ta shiga kasuwa a 1964, makullinta a baya yake, haka ma Mercator ta Jamus. Sai dai makulli na da nasa lissafin a gaban doka, zan zo kansa.

Yanzu a ce ga wuƙa a hannunka kana son ka san ko an yi mata aiki. Nan ne nake so ka ba da hankalinka sosai, don shi ne rabin sanin harkar.

Fara da sa farce a 'yar tsagar da ke jikin ruwan, ka ja. Kada ta yi taurin da zai karya maka farce, kada kuma ta yi sakwa-sakwa har ta buɗe da ɗan girgizawa. Ka ji yadda ruwan ke tafiya: sumul yake zamewa, ko kana jin kamar da yashi a ciki? In ya kai ƙarshe, ya kamata sifirin ya karɓe shi da kansa, ka ji ƙas, ba kai za ka tura shi ya zauna ba. Wajen rufewa ma haka. Wannan ƙarar ita ce shaidar sifirin na da rai. Daga nan ka kama tsinin da yatsu biyu, a hankali, ka gwada kaɗa shi hagu da dama. In yana rawa, ƙusar ta saki ko tun asali ba a matse ta ba. Sai ka rufe wuƙar ka leƙa ta sama: ruwan ya kwanta a tsakiyar raminsa, ko yana gugar bango ɗaya? A mai ruwa biyu ko uku, ana ɗan karkata kowane ruwa da gangan don su wuce juna, saboda haka ɗan shafar juna ba abin tashin hankali ba ne, amma in ɗaya na karce ɗan'uwansa sosai, aikin bai yi ba. Ka shafa yatsa a kan rufaffiyar wuƙar wajen tsini. In tsinin ya leƙo sama da ƙota, wata rana zai yaga maka aljihu ko yatsa.

Sannan ka ɗaga bayanta wajen haske. Tsakanin sifirin da siraran faifan tagullar da ke gefensa, haske na ratsawa? Ɗan siririn haske ba ya hana aiki, amma wuƙar da aka haɗa da kyau ba za ka ga komai ba, in ka shafa yatsa ma sai ka ji kamar ƙarfe ɗaya ne. Akwai kuma wani aibi da sababbi ba sa ganewa. Ka saki ruwan ya rufe da ƙarfinsa sau biyu ko uku, ka buɗe, ka duba kaifin a haske. In ka ga wani ɗan wuri na ƙyalli kamar an daddanne shi, to kaifin na dukan sifirin daga ciki, kuma kullum a nan za ta riƙa dakushewa. Tsofaffin wuƙaƙen Faransa da ake kira Laguiole da yawa haka suke tun asali, shi ya sa masu su ke rako ruwan da hannu har ya kwanta, ba sa sakinsa.

Abin da na fi dubawa duk da haka shi ne kaurin ruwan a bayan kaifi. Ka matse shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuniya, ka zame daga baya zuwa kusa da kaifi. Ya kamata ka ji yana sirancewa har ya kusa ɓacewa. Wannan sirantakar ce ta sa 'yar wuƙar da ba ta kai tsawon yatsa ba take ratsa kwali da igiya fiye da wasu manyan na zamani masu kauri. Ƙota mai kyau tana faranta ido, amma wuƙa mai kaurin baki, ko da me aka yi mata ado, za ka gaji da ita.

Ƙarfen ruwan iri biyu ne. Akwai mai sinadarin kabon, irin samfurin 1095 da Amurkawa suka fi amfani da shi, wanda kabon ɗinsa ke wajen kashi 0.95 cikin ɗari, ko XC90 na Opinel. Akwai kuma wanda ba ya saurin tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Shi ana zuba masa wani sinadari mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, na wuƙa ma yakan kai wajen 13, kamar 420HC da 12C27. Wuƙaƙen gargajiya ba a cika ƙona ƙarfensu ya yi tauri ƙwarai ba, yawanci tsakanin 56 da 59 suke a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, kuma da gangan ne, don a iya wasa su da kowane dutse mai laushi. Ni mai kabon na fi so, don yana karɓar washi da sauri, kaifinsa kuma yana fita tas. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan ƙarfe zai canza launi, tun ranar da ka yanka wani abu mai tsami da shi. Zai yi toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, a ƙarshe ya yi duhu. Wannan ba tsatsa ba ce, kariya ce ma, kada ka goge ta. Tsatsa ja ce, tana da kaushi, tana cin rami a ƙarfe, ita ake yaƙa. In kana yawan gumi, ko aikinka na cikin danshi ne, ko ka san ba za ka riƙa goge wuƙa bayan aiki ba, ka ɗauki wadda ba ta tsatsa, babu wani ƙasƙanci a ciki.

Ƙota kuma, wadda aka fi sani ita ce ta ƙashin ƙafar shanu, a rina shi, a sassaƙa masa 'yan ramuka don kada ya zame a hannu. Yana jure aiki, yana ƙara sheƙi da shekaru, amma in ya faɗi a siminti yakan tsage ta wajen ƙusa. Akwai ƙahon wata barewar Indiya da ake kira sambar, akwai ƙahon ɓauna wanda yakan ɗan tsuke ko ya lanƙwashe in wuri ya bushe ƙwarai, akwai katako, sannan akwai na roba irin Delrin da Micarta waɗanda ba ruwansu da ruwa ko gumi. Katako yana shan danshi. In Opinel ɗinka ta kumbura ruwan ya ƙi fitowa, ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, zai leƙo, sannan ka bar ta ta bushe a inuwa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau game da tsofaffi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 an yi ƙotoci da yawa da wata tsohuwar roba mai suna seluloyid, mai launuka masu ɗaukar ido, wani ma kamar lu'ulu'u. Wannan roba in ta tsufa takan fara ruɓewa, tana fitar da wani tururi mai guba ga ƙarfe. Alamarta ita ce ka ga ƙotar ta tsuke ta ja baya daga gefe, ko ta fara tsattsagewa, sannan ka ga tsatsa ta kama rabin ruwan da ke waje alhali rabin da ke ɓoye cikin rami lafiya lau. Ba ta da magani, kuma ba ita kaɗai take ci ba, duk wuƙar da ke akwati ɗaya da ita sai ta shafa. Na ga tarin da mutum ya daɗe yana haɗawa ya lalace saboda guda ɗaya irin wannan da aka rufe a ciki. In ka mallaki mai seluloyid, ka ware ta ita kaɗai a inda iska ke shiga, nesa da zafi, kana leƙa ta. Mai ƙotar hauren giwa ko ɓawon kunkurun teku kuwa, ka bar ta inda ka gan ta. Tun 1989 aka yanke hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma tsallaka iyaka da irinta na iya jawo maka abin da ba ka nema ba.

Dangin wuƙaƙen suna da yawa, kowace kuma wani aiki ne ya haife ta. Barlow ta fito daga Sheffield tun ƙarni na 17, ana gane ta da dogon ƙarfen da ke wuyanta, wanda aka sa don ya ƙarfafa mahaɗa a wuƙar da aka yi wa talaka. Stockman ta makiyayan Amurka ce, ruwa uku: dogo mai tsini na aikin yau da kullum, gajere mai miƙaƙƙen kaifi da dunƙulallen kai na yanka a kan shimfiɗa, da wani mai zagayayyen baki da aka yi don fiɗiye dabbobi ba tare da an soke su ba. Trapper ruwa biyu ne dogaye, ta masu fiɗar fata. Sodbuster ruwa ɗaya ce, ba ado, ta manomi. Ƙaramin ruwan nan da kake gani a wuƙaƙe da yawa, asalinsa na fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu ne. A Faransa, Joseph Opinel ya fara ƙera tasa a 1890 a yankin Savoie, a 1897 ya jera su lamba 1 zuwa 12 bisa girma. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce aka fi sani. Douk-Douk ta gidan Cognet a garin Thiers ta fito a 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai da aka ninke, an yi ta don tsibiran Melanesiya na tekun Pasifik amma a Arewacin Afirka ta sami kasuwa. Okapi a Solingen ta Jamus aka fara ta a 1902, don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Japan na da Higonokami ta garin Miki, ba sifirin ba makulli, sai wani ɗan wutsiyar ƙarfe da kake dannewa da babban yatsa, wadda yaran makaranta suka daɗe suna fiƙe fensir da ita. Ta sojan Suwizalan ma ta gargajiya ce, ko da yake mutane ba sa kallonta haka: Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya fara ba soja wuƙa a 1891.

In ni zan zaɓar maka ta farko, ɗaya cikin biyu ce. Ko Opinel lamba 7 ko 8 mai kabon, don za ta koya maka washi da kula da ƙarfe, kuma in ka ɓata ta wajen koyo ba ka yi babbar asara ba. Ko kuma matsakaiciyar Stockman, don ruwanta uku za su nuna maka cikin 'yan makonni wanne hannunka ke yawan nema. Wanda ka ga ya riga sauran dakushewa, shi ne naka.

Da ka fara tarawa, ka yi wa kanka iyaka. Wani Barlow kawai yake bi, daga kowane gida. Wani gida ɗaya yake bi. Wani wuƙaƙen talakawan ƙasashe yake tarawa, ɗaya daga kowace ƙasa, kuma wannan hanya tana burge ni, don kowace wuƙa tana nuna maka aikin da mutanenta ke yi da abin da suke iya saya. Wuƙa goma da ka san labarin kowace sun fi hamsin da aka kwaso barkatai. Ka sami littafi ka riƙa rubuta kowace: gidan da ya yi ta, shekararta in an sani, da me aka yi ƙotarta, yaushe ta shigo hannunka.

Sai koyon karatun tambari, wato rubutun da aka buga a gindin ruwa. Gidan Case na Bradford a jihar Pennsylvania, wanda asalinsa ke komawa 1889, ya sauƙaƙa wa masu tarawa. Lambar da ke jikin wuƙarsu magana take: in ka ga 6254, 6 na nufin ƙotar ƙashi, 2 ruwa biyu, 54 kuma samfurin Trapper. A 1970 suka fara sa ɗigo goma a ƙarƙashin tambari, kowace shekara a cire ɗaya, saboda haka mai ɗigo bakwai ta wannan zubin ta 1973 ce. A wuƙaƙen Sheffield, tauraro da gicciye alamar Joseph Rodgers ce, I*XL kuma ta George Wostenholm. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a riƙa buga sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, shi ya sa wuƙar Sheffield da aka buga wa sunan Ingila galibi bayan wannan lokacin aka yi ta.

Amma kada suna ya ruɗe ka. Gidaje da dama sun mutu, sunansu na nan yana yawo. Schrade ya rufe a 2004, Camillus a 2007, Queen a 2018, an sayar da sunayen, kuma wuƙar da ke ɗauke da su yau ba daga tsohuwar masana'antar ta fito ba. Wata tana da kyau daidai gwargwado, amma ka san abin da kake saya. Laguiole sunan ƙauye ne a kudancin Faransa, ba sunan kamfani ba, kuma kasuwa cike take da masu ɗauke da sunan da hoton ƙudan zuma, wato alamar wannan wuƙa, waɗanda ba su taɓa ganin Faransa ba. Ka nemi sunan maƙerin a jikin ruwan. Cikin masu aiki irin na da a yau akwai Great Eastern Cutlery na garin Titusville a Amurka, da aka kafa a 2006, suna amfani da 1095, suna kuma fitar da kaya kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake rububinsu. Kada rububin ya ja ka. A tsofaffi kuma akwai haɗe-haɗe: a ɗauki ruwan wannan a sa a ƙotar waccan, ko a goge tambari a buga wani. Ka duba ko tsufan sassan ya zo ɗaya. Ruwa na ƙyalli kamar sabo a jikin ƙotar da ta sha hannu, ko tambari mai kaifin haruffa a kan gindin da ya cinye, abin tambaya ne. Kai ma in tsohuwa ta shigo hannunka, kada ka kai ta injin gogewa don ta yi ƙyalli. Ka cire jar tsatsa da mai da tsumma, in ta kama da ɗan bakin fensir, ka tsaya nan. Wanda ya goge tsohuwar wuƙa har ta zama madubi ya share mata shekarunta, darajar da kake tsoron faɗuwarta kuwa a nan ta fi faɗuwa.

Kula da ta aljihu ba wuya. Ka goge ta bayan aiki. Lokaci-lokaci ka zaro ƙurar aljihu daga raminta da tsinke, ka ɗiga ɗigon mai ɗaya a mahaɗa, ka buɗe ka rufe har baƙin dattin ya fito, ka share. Man keken ɗinki ya isa. In kana yanka abin ci da ita, ka nemi farin man ma'adinai irin wanda ake samu a kantin magani. Man girki yana daskarewa ya yi danƙo, ka guje shi. Kada ka adana wuƙa cikin kuben fata na tsawon lokaci, fata na riƙe danshi, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Kada kuma ka haɗa ta aljihu ɗaya da makullai. Mai ruwa biyu a kan sifirin ɗaya, kada ka buɗe su rabi-rabi lokaci guda, kana ɗaga sifirin ta kai biyu ke nan, yana iya karyewa.

Washi kuma da hannu ake yi, a kan dutse. Ka ɗaga bayan ruwan kamar digiri 15 zuwa 20, ka riƙe wannan tsayin kada ya canza. In kana shakka, ka shafa baƙin alƙalami a bakin kaifin, ka ja sau biyu, ka duba inda tawadar ta goge, nan dutsen ke ci. Ka ci gaba a gefe ɗaya har ka ji wani siririn leɓe ya tanƙwaro ta ɗaya gefen daga gindi har tsini, sannan ka juya. A ƙarshe ka ja ta baya-baya a kan fata don leɓen ya fita. In kana yawan gogawa a fata, sai ka daɗe ba ka koma dutse ba, ruwan kuma zai yi maka shekaru bai sirance ba. Injin washi mai gudu kuwa yana cinye ƙaramin ruwa cikin daƙiƙoƙi, zafinsa kuma yana kashe taurin bakin.

Saura yawo da ita. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga gari zuwa gari, kuma wajibinka ne ka san ta inda kake. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai naɗewa ba tare da ya kawo dalili ba in kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma kotu ta fassara cewa mai makulli ba ta shiga wannan sassauci ba. Ka ga Opinel lamba 8 ta faɗi ta fuska biyu ke nan, alhali ƙaramar Barlow ta wuce. A Jamus an hana yawo da wadda ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, a 2024 ma an ƙara tsaurarawa a wuraren taron jama'a. Jirgin sama, makaranta, kotu, filin wasa, duk ka ɗauka ba a shiga da ita. In za ka hau jirgi ka sa ta cikin jakar da za a auna, don wuƙaƙe masu tarihi da yawa sun ƙare a kwandon masu bincike.

Bayan doka akwai ladabi. Wannan kayan aiki ne, ba makami ba, kuma duk wanda ya ɗauke ta da niyyar faɗa ya jawo wa kansa masifa, ya kuma ɓata wa sauran masu sha'awa suna. Ka fito da ita in akwai abin yankawa, ka buɗe da hannu biyu a natse, ka gama ka rufe ka mayar. Kada ka riƙa wasa da ita cikin mutane, don ba kowa ne ya san abin da ka sani ba. In za ka miƙa wa wani, ka miƙa ta a rufe. In kuma aka ce ara mini wuƙarka, ka fara tambaya me za a yanka. Yawancin tsofaffin wuƙaƙen da za ka gani da karyayyen tsini, wajen ɓamɓare murfin gwangwani ko kwance noti suka karye, sau da yawa kuma a hannun wanda ya ara. In abin yankawa ne na gaske, ka karɓa ka yanka masa da kanka.